Ƙarfe Ɗaya

A Bagalam nake ƙira, bakin hanyar da ta gangara Gulbi.
Shekara arba'in da 'yan kai ina bugun ƙarfe,
na san kukansa in zai zama hauya,
na san kukansa in zai zama abin ɗaukar rai.
Ƙarfe ɗaya ne, hannu ke raɗa masa suna.

Jiya bayan la'asar Sha'aibu ya kira daga Amurka,
murya na tsinkewa kamar tsohuwar igiyar guga.
Ya ce, Baba, ga jikarka.
Barira, shekara bakwai, da giɓi biyu a gaba,
Hausarta na tuntuɓe ina tarbe ta.
Na ce, me aka koya muku yau a lakwal?
Ta ce, ɓuya.
Malama ta kashe fitila, ta kulle ƙofa,
muka shige ƙarƙashin tebur, ba tari, ba motsi,
ko da wani zai shigo da bindiga.
Kaka, na fi kowa iya shiru,
har tauraro aka manna mini a littafi.

Na ajiye masaba.
Wuta ta ci gawayinta ita kaɗai.

Can, in ji Sha'aibu, manya na ta ja-in-ja,
wai bindiga 'yanci ce, gadon kakanni,
wanda ya taɓa ta ya ja gemun ƙasa.
To ni ma gado na ci.
Ubana ya ƙera wa maharba ta albarushi,
harbi ɗaya, sai ka zauna ɗuri,
kafin ka gama zuciya ta huce.
Amma wadda ke zuba kamar ƙanƙara bisa kwano,
wace barewa aka ƙera wa ita?
A tambayi mutanen kudancin Madarunfa
masu kwana da takalmi a ƙafa,
ko 'yanci ne ke buga musu ƙofa da tsakar dare.

Ya ce akwai wata gardamar, ta zafin duniya,
wasu sun rantse tatsuniyar 'yan boko ce.
Tatsuniya?
Su zo in kai su gonar Ɗan Lele a hanyar Tibiri.
Sau uku ya yi shuka bana,
sau biyu rana ta soye iri a rami.
Da ruwan ya ga damar zuwa, a fusace ya zo,
dare ɗaya ya kwashe katangar Hajo mai ƙuli
da tukwanenta da akuya mai ciki.

Ban wanke kaina ba.
Gawayin nan itace ne jiya, wani ya sare shi don ni.
Sai dai hayaƙina kaf, tun ina yaron maƙera,
bai kai na safiya ɗaya a birninsu ba.
Su suka sha furar, mu aka miƙa wa ƙwarya.

Sha'aibu ya samu takardar zaɓe bara.
Ya ce, Baba, jam'iyya biyu ce, jaki da giwa.
Na ce, ban kiwata ko ɗaya ba, ba zan yi maka ƙarya ba.
Ka dubi wanda zai fito da Barira daga ƙarƙashin tebur,
wanda in an ce masa damina ta sauya hali
ba zai yi dariya ba.
In ka rasa shi, ka je ka yi ta buga ƙofarsu
yadda nake buga ƙarfe, har ya yi laushi.

Yau da hantsi wani saurayi ya zo da abu naɗe a buhu,
bai yi sallama da ƙarfi ba.
Ya ce gyara, jikka ashirin, ba tambaya.
Na ce idona ya mutu, hauya kawai nake gani.
Ya daɗe yana kallona, ya ɗauki buhunsa.

Hadari ya haɗu gabas tun azahar.
Ina fiƙe wa Ɗan Lele hauyarsa, bashi,
muna kallon sama, ba mai cewa komai.